Riga Uku a Watan Yuli

Sai a tafiya ta biyu zuwa ofishin mai ba da shawara Wendel Pruitt ya fara ƙirga rigunan. A ta farko ya ga 'yarsa Shayla ta sauko daga bene ta kumbura kamar an hura ta, ya ɗauka shirme ne irin na 'yan shekara tara. A ta biyu kuwa, da ta sunkuya ɗaure igiyar takalmi, sai ya hango wuyan jar riga a ƙarƙashin shuɗiya, da wuyan fara a ƙarƙashin jar. Riga uku, wando biyu, safa a kan safa, a tsakiyar watan Yuli, lokacin da ko shanu ba sa yarda su bar inuwa.

"Ke kuwa ba kya jin zafi?" ya tambaye ta.

"A'a," ta ce, zufa na bin bayan kunnenta.

Shayla ta zo musu tana shekara shida, bayan ta zauna a gidajen riƙo huɗu. Bara waccan alƙali ya sa hannu ta zama 'yarsu shi da matarsa Darlene, har ya bar ta ta buga gudumarsa a kan tebur. Amma kafin ta kira Wendel da Baba sai da aka yi wata goma sha huɗu. Ya san ranar, ya san wurin. Yana kwance a ƙarƙashin motar tankin madara da yake tuƙawa, ta leƙo ta ce, "Baba, Mama ta ce abinci zai huce." Ya daɗe a ƙarƙashin motar nan bai fito ba, ba kuma wani gyara yake yi ba.

Tun da ƙanƙarar bana ta narke abubuwa suka fara rikicewa. Sau uku ana kiransu daga makaranta. Ta ciji wani yaro, ta shige ƙarƙashin tebur ta ƙi fitowa, sannan Darlene ta tarar da burodi ya yi fumfuna a cikin takalman sanyinta. Malamar ajinsu ta ce su nemi mai ba da shawara kan halayyar yara. Suka nema.

Ta farko wata mata ce a garin Eau Claire, mai ofis cike da takardun shaida a bango. Ta ce yara duk ɗaya ne, na riƙo da na haihuwa, ta ba su takarda a riƙa manna wa Shayla tauraro duk ranar da ta yi abin kirki. Ta biyu wata budurwa ce mai fara'a, wadda ta dafa kafaɗar Shayla ta ce, "Kin san kin yi sa'a da kika sami iyaye irin waɗannan?" Shayla ta ƙura wa bango ido har lokaci ya cika.

Abin da ke hana Wendel sukuni shi ne abin da ke biyo baya. Duk ranar da suka dawo daga irin wannan ofis, yarinyar sai ta yi tsit na kwana uku ko huɗu. In ta buɗe baki a wurin cin abinci, sai ka ji, "Mista Wendel, don Allah miƙo gishiri." Bayan tafiya ta farko kwana biyar aka yi kafin Baba ya dawo bakinta. Bayan ta biyu an yi kwana goma sha ɗaya, shiru.

"Magani muka je nema ko ciwo?" Darlene ta ce masa suna wanke kwanuka. "Ka ji ni da kyau, Wendel. Sau ɗaya ya rage. In na ukun ma haka ne, na haƙura, mu bar yarinyar nan ta huta."

"To rigunan fa?"

"Kai dai da rigunan nan! Yarinya ba ta magana, kai kana lissafin wanki."

Shi kuwa rigunan sun tsaya masa a rai. Mutum ne da in ya ji wata 'yar ƙara a inji, ba ya iya cin abinci sai ya gano inda take fitowa. Da farko ya ɗora laifin a kan na'urar sanyaya ɗaki, don ofisoshin nan kamar firji suke. Amma ran Lahadi cocinsu ya fi su sanyi, kuma riga ɗaya tal ta sa. Ya ce ko ƙarancin jini ne, aka kai ta asibiti aka auna, jini lafiya lau, kuma ranar ma riga ɗaya ta sa. Ya ce ko kunya ce, ko wata yarinya ta yi mata dariyar rama. To me ya sa ba ta yi in za ta wurin iyo? Yana tuƙi tsakanin gonaki da asuba yana juya abin, ya ɗauko nan ya ajiye, ya ɗauko can ya ajiye.

Gona ta shida a zagayensa na ɗaukar madara ta Lucille Brekke ce, tsohuwa mai shanu saba'in da bakin da ba ya ajiye magana. 'Ya'yanta maza biyu duk na riƙo ne, sun girma, ɗaya ma shi ke tatsar yamma. Ta same shi ya jona tiyo a tanki ya yi tsaye yana kallon iska.

"Wendel, madarata za ka ɗauka ko addu'a kake mata?"

Ya gaya mata komai, ban da maganar Mista Wendel, wannan ya kasa fitowa.

"A ina ka samo mutanen nan?" ta ce.

"A jerin sunayen da kamfanin inshora ya ba mu. Na fara daga sama."

"Daga sama! Allah ya shirye ka. In saniyata ta kasa haihuwa, likitan kyanwa zan kira don sunansa ne a sama? Ka kira su a waya tukuna. Ka ce, yaran riƙo nawa ka taɓa gani? In ya ce yara duk ɗaya ne, ka ce na gode ka ajiye. In ya ce ƙauna ta isa, ka ajiye ko godiya babu. Ni shekara uku na ɓata kafin na koyi wannan. Rufe bakin tankin nan, ƙuda na shiga."

Ranar, a inuwar masana'antar cuku, yana jiran a sauke masa kaya, ya kira lamba goma. Shida na'ura ce ta amsa. Biyu suka ce sai bayan Kirsimeti. Ɗaya ya ce yara duk ɗaya ne, Wendel ya ce na gode ya ajiye, har ya ji wani ɗan daɗi. Ta ƙarshe muryar wata dattijuwa ce, Misis Tollefson.

"Yaran riƙo nawa kika taɓa gani?" ya karanto daga bayan hannunsa, inda ya rubuta da biro.

"Na daina ƙirgawa. Su kaɗai nake gani, su da iyayensu. Gidaje nawa ta zauna kafin naku?"

Babu wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar. "Huɗu."

"To, ku zo ran Alhamis ƙarfe huɗu, kai da matarka. Kada ku zo da ita."

Ya cire wayar daga kunne ya dube ta. "Ranki ya daɗe, ita ce fa ba ta da lafiya. In na je wurin makaniki na bar motar a gida, me zai duba?"

Ta yi dariya. "Direban zan fara dubawa, Mista Pruitt."

Ran Alhamis mahaifiyar Darlene ta zo zama da Shayla. Wendel ya sa rigarsa ta zuwa coci, Darlene ta sa ɗan kunne. Kamar yadda suka saba, ba su gaya wa yarinyar komai ba sai da za su fita. Wannan dabarar Wendel ce tun farko, yana ma alfahari da ita: Shayla yarinya ce mai sa abu a rai, in an gaya mata tun da wuri sai ta kasa barci, don haka gara a bari sai ranar. A tafiyoyin baya abin da yake cewa da safe shi ne, "Sa kayanki masu kyau, za mu je ganin wata mata, tana son ta san ki." Yau kuwa daga bakin ƙofa ya ce, "Za mu je ganin wata mata a kan maganarki, yanzu za mu dawo. Ki ji maganar Kaka."

Ofishin yana saman wani kantin kayan gini, ana hawa ta wani matsattsen bene mai warin fenti. Babu takardun shaida a bango. Akwai wani faffaɗan akwati cike da yashi a tsakar ɗakin, da kantoci maƙil da ƙananan gidaje, motoci, shanu da mutanen roba. Wendel ya kasa zama sai da ya tambaya.

"Wannan fa na mene ne?"

"Wasu yaran ba sa iya faɗa da baki, sai su gina," in ji Misis Tollefson, gajeriyar mace mai furfura da takalman gudu. "Manya ma haka. Ka ga wanda ka ɗauka?"

Ya duba hannunsa, ashe wata 'yar motar ɗaukar kaya ce. Ya mayar da sauri. Darlene ta ƙyalƙyale da dariya, rabon da ya ji ta yi haka an kwana biyu.

Awa guda matar nan tana tambaya. Wa ke tashin Shayla da safe? In ta ji ciwo, wurin wa take zuwa, ko ɓoyewa take? A wane wata aka raba ta da gida na ƙarshe? Darlene ta ce Afrilu. Matar ta ce, "Kuma rikicin makaranta a Afrilu ya fara." Suka dubi juna. Ba su taɓa haɗa biyun ba.

Har sun miƙe Wendel ya ce, "Tambaya ɗaya. Kina ƙure na'urar sanyin nan ne? Don in za mu zo da ita, riga uku take sawa."

"Wendel, don Allah," Darlene ta ce.

Amma Misis Tollefson ta koma ta zauna. "Riga uku. Kullum?"

"A'a, shi ne abin mamakin! Sai in za mu irin ofishin nan. Na gwada sanyi, ba shi ba ne. Na gwada jini, ba shi ba ne." Ya ji daɗi ya sami mai saurare, har yana lissafawa da yatsu.

"Ranar da aka kawo muku ita, a me ta zo da kayanta?"

"Baƙar ledar shara. Ta ma yage a gindi."

"Aljihunta fa, in za ku fita? Ka taɓa lura?"

Bai taɓa ba.

"Ina da zato," ta ce, "amma labarinta ne, ita ya kamata ta ba ka. Abu ɗaya: kada ka ce mata don me. Yaro in ya ji don me, ya san ya yi laifi. Ka tambaye ta yaya ake yi. Kai mai son sanin yadda abu ke aiki ne, na gani. Tambaye ta haka."

Tun daga kwanar layinsu ya hango ta. Tana zaune a kan matakalar ƙofar gida, rana na dukanta, ta haɗa gwiwoyi, ta kumbura. Kaka na tsaye a bayan ƙofar raga da kofin lemo a hannu.

"Tun fitarku take nan," in ji Kaka. "Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi toshiya da askirim. Ko kallona ba ta yi ba."

Darlene ta yunƙura, Wendel ya riƙe mata hannu. Ta dube shi, ta ja mahaifiyarta suka shige ciki. Ya zauna a matakala ta ƙasa, yadda kansa ya zo daidai da nata. Shuɗiya, ja, fara. Aljihunan wandon sun yi tsini.

Ita ta fara magana, idonta a kan titi. "Yau za ta zo ko gobe?"

"Wa?"

"Matar."

"Ta zo ta yi me?"

Ta dube shi kamar mai duban wanda bai san komai ba. "Ta ɗauke ni mana. Ai haka ake yi. Sai a ce sa kayanki masu kyau, wata mata na son ta san ki. Sai a je ofis. Wani lokaci a dawo, wani lokaci ba a dawowa. In manya suka je su kaɗai, to an gama magana."

Wendel ya gane maganar nan take. Kalmominsa ne, ɗaya bayan ɗaya, yadda ya faɗe su da bakinsa sau biyu yana murmushi. Bakinsa ya cika da rantsuwa da ban haƙuri, ya ga duk an taɓa yi mata irinsu a gida huɗu. Ya haɗiye. Ya tuna abin da aka ce masa.

"To rigunan, yaya ake yi? Wacce ake fara sawa?"

Ta auna shi da ido. "Wadda ka fi so ita ce a ciki. Don in sun ce ka cire ɗaya, ta waje za ka cire."

"Da hankali a ciki. Me ya sa ba a jaka ba?" Ya ciji leɓe. "Ina nufin, jaka ba ta aiki?"

"Ba sa barin ka koma sama ka ɗauko. Su ke zubawa a leda, kuma ba su san abin da ke da muhimmanci ba. A gidan Misis Dot da na zauna aka bar mini zomona na wasa. Abin da ke jikinka kuwa ba mai mantawa da shi." Ta ɗan saki jiki, kamar mai koyar da sabon ma'aikaci. "Uku ne daidai. Na taɓa gwada huɗu, hannu ba ya lanƙwasuwa, sai su gane."

"Aljihu fa? Me ake sawa?"

Ta zaro su ɗaya ɗaya ta jera a kan matakala. Buroshin haƙori. Biskit biyu a naɗe cikin takarda. Ɗan kunnen Darlene guda ɗaya, wanda aka share gida ana nema. Sai ƙaramin ma'aunin zafin madara mai jan kai.

"Kai! Wata biyu ina neman abin nan. Har na zargi Lucille."

"Zan mayar," ta ce da sauri.

"Riƙe shi. Na sayi wani." Ya share fuska da hannun rigar coci. "Shayla, ni na yi kuskure. Na ɗauka in na ɓoye miki sai ranar, na rage miki damuwa. Matar nan ba ta ɗaukar yara. Aikinta ta koya wa irina yadda za su daina shirme. Ba inda za ki."

"Haka Misis Dot ta ce."

Suka zauna har inuwar gidan ta rufe su.

Washegari ya kira Misis Tollefson daga cikin mota ya gaya mata. Ta ce su sa ranar zuwa a kalanda tun mako guda kafin lokacin, da babban rubutu, su rubuta lokacin tafiya, su rubuta na dawowa, har da abin da za a ci da dare. Ta ce in da hali, ya samo wani abu da yarinyar za ta riƙe a hannu, don magana ta riga ta yi araha a wurinta. Mene ne abin, ta ce shi ya fi ta sanin gidansa.

Kwana uku yana tunani. A garinsu ba a kulle gida, tun da suka sayi nasu bai tuna ya taɓa murza makulli ba. Sai da ya zazzage durowa huɗu kafin ya sami mabuɗin a cikin gwangwanin ƙusoshi, ya yi tsatsa. Ya goge shi, ya ɗiga wa makullin mai, ya gwada ya fi sau goma, Darlene na kallonsa ta taga tana girgiza kai. Ya zura shi a igiyar takalmi.

Ran Alhamis ɗin da aka sa a kalanda suka tsaya su uku a bakin ƙofa. Ya rataya wa Shayla igiyar a wuya.

"Ke za ki kulle. Shi kenan mabuɗin, babu wani. Ta baya ma na sa sakata ta ciki. In ba ki dawo tare da mu ba, ni da Mama a mota za mu kwana."

"Ƙarya ne. Sai ka fasa taga."

"Taga? Kin san abin da uwarki za ta yi mini in na fasa mata taga?"

"Sai ya gwammace kwanan motar," in ji Darlene.

Shayla ta murza mabuɗin, ta girgiza ƙofar ta tabbatar, ta jefa shi cikin wuyan rigarta. Da ta sunkuya, Wendel ya ƙirga. Shuɗiya da fara. Biyu. Ya buɗe baki, Darlene ta taka masa ƙafa.

A ofishin, yarinyar ba ta ce uffan ba na rabin awa. Misis Tollefson ba ta matsa mata ba, ta ce iyayen su zauna a ƙasa su ma. Can Shayla ta ɗauko ƙananan gidaje biyar ta jera a yashi. Ta binne huɗu har rufi. Na biyar ta tsaya tana juya shi a hannu, ta leƙa ta 'yar tagarsa.

"Wannan ƙofarsa ba ta buɗewa," ta ce.

"Haka aka yi shi," in ji matar. "A ina za ki sa shi?"

"Ban sani ba tukuna."

"To ajiye shi a gefe. Yana nan har Alhamis mai zuwa."

A hanyar dawowa Wendel na tuƙi yana leƙen madubi, yana lissafin kwana nawa za a yi wannan karon. Da suka iso, ita ta fara fita. Ta zura mabuɗin, ya ƙi juyawa. Ta sake, ta haɗa da kafaɗa, ya ƙi. Shi kuwa ya tura hannuwansa cikin aljihu don kada su kai mata ɗauki.

Ta juyo a fusace, gumi a goshinta. "Baba, wane irin mai ka sa wa abin nan? Ya maƙale!"

"Ɗaga ƙofar sama kaɗan," ya ce. "Sannan ki murza."

Ta ɗaga, ta murza, ƙofar ta buɗe. Ta shige ta bar su a waje, suna jin ƙafarta a kan bene.

"Riga biyu," ya ce wa Darlene a hankali. "Me ya sa biyu, ba ɗaya ba? Kuma me ya sa jar ta bari?"

"Ka tambaye ta yaya ake yi," ta ce. "Amma ka fara ɗora tukunya, a kalanda ka rubuta taliya ƙarfe shida."